Akwatin da Aka Bari a Ƙanƙara

Litinin, 7 ga Mayu, 2012, bayan la'asar, Sheme

"Ga kwamfutarki nan, ko ƙwarzane babu," in ji Gwaggo Safara'u, tana warware bargon da ta naɗe ta a ciki. "Bisa cinyata ta zamna tun daga Ƙanƙara. Direba ya ce in sa ta baya cikin kaya, na ce mishi aikin shekara huɗu ba ya zama da tukwane."

Na leƙa. Allon kallo ne, da wayarsa, da abin buga rubutu, har da linzamin, an ɗaure shi da igiyar zane kada ya ɓace. Na tambaye ta akwatin. Ta ce wane akwati. Na ce baƙin ƙarfen nan na ƙarƙashin tebur, mai fanka a baya. Ta ce ai wannan injin wutar mutumin ne, kuma ita in ta je kwashe kayan ɗiyarta ba ta taɓa abin da ba nasu ba, ko allura ce.

Su huɗu suka je da mota guda. Ba a kwashe kaya sai idda ta cika, kada a ce dangin mace ne suka rufe ƙofa, shi ya sa na jira wata uku. Sun kwaso gado da katifa da kwalla da labule, har ƙusoshin labulen. Duk abin da aka kai ni da shi shekara shida da suka wuce ya dawo gidan Baba lafiya. Abu ɗaya da na roƙa da bakina, shi aka bari.

Ba laifinta ba ne. Ta sha ganin rubutuna a jikin allon da idonta, to a ina kuma zai kwana? Na yi mata godiya. Ta ce ba komai, don irin wannan rana ake da gwaggo.

Bari in rubuta abin in ga girmansa a takarda. Hira sittin da uku da matan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kan yadda suke adana iri daga kaka zuwa shuka. Muryoyinsu, hotunan rumbuna da tukwane, da babi biyar na kundin digirina. Duka suna cikin faifan ajiya, faifan yana cikin akwatin, akwatin ya mutu tun watan Fabrairu ranar da wuta ta dawo da ƙarfi, a makon da ba ni da hankalin kula da akwati. Jami'a a Zariya tana jiran kundin ranar 15 ga Yuni. An riga an ƙara mini shekara guda saboda abin da ya faru. Ba a ƙara ta biyu.

Talata, 8 ga Mayu, da hantsi

Gwaggo ta ɗora allon a kan kabad, ta lulluɓe shi da ƙyalle mai aiki. Ta ce kada ƙuda ya ɓata mini karatu.

Alhamis, 10 ga Mayu, bayan azahar

Na tura Yaya Lawwali Ƙanƙara. Ya dawo ya sha ruwa kofi biyu, ya ba ni labarin hanya, da na farashin taki, da na wani da ya gamu da shi a tasha, kafin ya zo ga magana.

"Hadi ya ce akwati ba ya fita gidan. Faifan ma ba ya fita."

Na rubuta sunan ne don Yaya ya faɗa.

Na tambayi dalili. Yaya ya ce bai tambaya ba, namiji ba ya tambayar namiji dalili a zauren gidansa. Amma Hajiya Adama, surukata ta da, ta sa baki. Ta ce in zo sau ɗaya, tare da babba daga gidanmu, ranar da ba ya gari, in zauna in ɗebi nawa a nan cikin ɗakin. Sau ɗaya. Daga azahar zuwa la'asar.

Wato ina da rana guda, da akwati matacce, da faifan da ba zai bi ni ko bakin ƙofa ba. Dole in sami abin da zai ta da faifan shi kaɗai, in jona shi da wata kwamfutar.

Wata kwamfutar akwai. Ofishin su Yaya ya raba laftof bara, kowane babban ma'aikaci guda. Tasa tana cikin ledarta har yau, a ƙarƙashin katifa. Rediyo ya ce gangar mai ta haura dala ɗari. Ga rabon gidanmu nan, yana hana katifa kwanciya daidai.

Asabar, 12 ga Mayu, da yamma

Na je Funtuwa, shagon Malam Gide mai gyara da sayar da kayan kwamfuta. Mutum ne mai fara'a, mai waya biyu, kuma duka biyun suna aiki a lokaci guda. Na yi masa bayani tun daga farko. Yana gyaɗa kai, yana ce wa wani ɗan kwangila a waya kwamfuta arba'in ba matsala ba ce, makarantar ko ba wuta ai za a kawo wata rana.

Ya ce abin da nake nema sunansa kesin. Ɗan gida ne da ake saka faifai a ciki, a rufe, a ɗaure da sukuru, a jona wa kwamfuta da wayar USB, sai ya buɗe kamar filash. Ya miƙo mini wani ja, siriri, mai sheƙi, ya shige jakar hannuna kamar an auna. Ya ce shi manyan mata suke saye.

Na ji daɗi. Ina rubuta wannan don in tuna cewa na ji daɗi na tsawon tafiya daga Funtuwa zuwa Sheme.

A gida na karanta kwalin. Inci biyu da rabi. Na faifan laftof ne. Faifan babbar kwamfuta kuwa na taɓa ganinsa, kaurinsa ya kai ƙaramin littafi, ba zai shiga wannan ba ko da addu'a. Na ce masa ta tebur ce. Sau biyu na faɗa. Ina da digiri biyu, kuma launi na saya.

Litinin, 14 ga Mayu, da azahar

Na koma. Malam Gide bai musa ba, bai kuma ji kunya ba. Ya ce ai da na faɗa. Ya sauko da babban kesin, baƙi, mai nauyi, ya ce wannan sai da wutarsa daban, don babban faifai ba ya ƙoshi da ɗan abin da wayar USB ke ba shi. Ya ce mai jikin ƙarfe ya fi na roba, roba tana riƙe zafi, zafi kuma shi ke kashe faifai a garuruwan nan. Wannan ya yi ma'ana, na rubuta.

Sai ya tambaye ni bakin faifan wane iri ne. Akwai na da, IDE, mai haƙora jere kamar matsefi, da faffaɗar waya. Akwai na yanzu, SATA, mai ɗan leɓe, da siririyar waya. Kesin ɗin wannan ba ya karɓar wancan.

Shekara huɗu ƙafata tana taɓa akwatin nan a ƙarƙashin tebur. Na san ƙarar fankarsa in ya gaji. Ban taɓa buɗe shi ba. Akwai mai buɗewa a gidan.

"Hajiya, kin wahalar da kanki," in ji Malam Gide. "Ki sa a kawo akwatin kawai. Mu nan duk abin da ya shigo, wanka muke fara yi mishi. Fomatin, a goge komai. Ya fito fes kamar sabo."

Na tambaye shi abin da ke ciki fa. Ya ce ai yawanci waƙoƙi ne da hotunan biki, mutane suna sake zubawa. Ya faɗa da natsuwar wanzamin da ya san aikinsa. Na riƙe jakata da kyau, duk da ba komai a ciki sai jan kesin, wanda na fasa mayarwa don kada ya ji ya ci nasara.

Laraba, 16 ga Mayu, bayan sallar asuba

Tambaya ɗaya ce: waya faffaɗa ko siririya. Na rubuta a takarda, na zana hoto, na ba Yaya. Yaya zai ba direban da ke zuwa Ƙanƙara, direba ya ba Hajiya, Hajiya ta ba ɗanta.

Lambarsa tana cikin wayata. Na san da haka.

Hira sittin da huɗu suna jiran zanen waya ya zaga hannu huɗu.

Sittin da uku.

Juma'a, 18 ga Mayu, bayan an sauko

Takardata ta dawo. A bayanta, da rubutun da na sani, mai kwanciya gefe: "Biyu ne. Ɗaya faffaɗa, ɗaya siririya."

Ba gaisuwa, ba suna, ba kuma bayanin wanne ne ke ɗauke da aikina. Ina jin shi ma bai sani ba. Lokacin da taswirorinsa na safiyo suka cika faifan farko ne ya ƙara na biyu, daga nan kowa ya riƙa zuba nasa inda ya ga fili, kamar yadda ake yi a gida in ana zaman lafiya.

Kesin biyu kenan, da adafta biyu, da sukuru takwas, Hajiya tana duban rana. Gwaggo ta ce in ɗauki allon in tafi da shi, ƙila in ya ga ɗan'uwansa ya tuna.

Lahadi, 20 ga Mayu

Ban yi komai ba. An yi ruwan farko mai ƙarfi. Na rufe taga.

Talata, 22 ga Mayu, kafin magariba, Sabuwa

Na ce bari in gwada ɗaya hanyar. In faifai ya gagara, in sake hirarrakin, ko da goma ne daga cikin manya. Na ɗauki rikoda na shiga motar Sabuwa.

Hanyar tana nan yadda na bar ta azumin bara. Rafin da mota ke tsallakawa bayan kurmin nan bai cika ba tukuna. Direba ya nuna wa fasinja inda motoci ke maƙalewa in damina ta yi nisa, ya ce wani lokacin daga hantsi har rana ta faɗi ana turi. Na san tsawon. Na duba ɗaya tagar.

Iya Mairo ta rasu da bazara. Ita ce hira ta talatin da takwas, awa biyu da rabi, babi na huɗu kusan duka bakinta ne. 'Yarta Talatu ce ta tarbe ni. Mun yi wa juna gaisuwa. Ta riƙe hannuna ta ce ranar nan da na bar gidansu da cikina ba su san haka tafiyar za ta ƙare ba, Allah ya ba da mai tsayawa. Na ce amin, na tambaye ta irin dawa.

Ta kai ni ɗakin Iya. Tukunyar irin tana nan, wadda ake zuba dawa a cikin toka a liƙe baki da laka. Da suka fasa bana sun tarar laka ta tsage, ƙwari sun gama da shi. Amma ba a rasa ba. Iya ba ta taɓa ajiye iri a wuri ɗaya ba. Kashi uku take yi kowace kaka: ɗaya a ɗakinta, ɗaya gidan Talatu, ɗaya gidan wata ƙawarta a hayin rafi. Na hayin rafi suka shuka jiya.

Na san wannan. Ni na rubuta shi, shafi goma sha ɗaya, da sunayen masana a ƙasa. Na gama rubutawa na ajiye a faifai guda, a akwati guda, a gidan da na ɗauka nawa ne.

Na kunna rikoda, Talatu ta yi ƙoƙari. Duk tambaya sai ta ce Iya ce ta san wannan. Daga baya ta tambaye ni ko muryar Iya tana nan cikin na'urar, tana so ta ji yadda take cewa a gwada toka da yatsa, don ita ta manta ko mai laushi ce ko mai tsakuwa.

Na ce tana nan. Na ce zan kawo mata.

Laraba, 23 ga Mayu, a mota

Na yi alkawari da abin da ba ya hannuna. Hali ne, ba yau na fara ba.

Juma'a, 25 ga Mayu, da hantsi

Funtuwa, karo na uku. Na shimfiɗa wa Malam Gide sharuɗɗana kamar mai karanta takardar jarrabawa: faifai biyu, baki iri biyu, awa biyu, ba ɗaurin sukuru, ba wanka.

Ya ajiye wayoyinsa biyu, abin da ban san yana iyawa ba. Sai ya ce to ba kesin nake nema ba. Kesin na wanda zai zauna da faifai ne, ya rufe shi, ya yi yawo da shi. Ni baƙuwa ce, zan taɓa in bari. Akwai wani abu da suke kira dok, buɗaɗɗe ne ta sama, a tsaye ake soka faifan, a gama a zare, a soka wani. Ya nuna mini hoto a kwali. Turmi ne da taɓarya a ciki. Turmi zan riƙa ce masa.

Na tambaye shi me ya hana ya faɗa tun ranar farko. Ya ce ban tambaya ba. Ya ce illarsa faifai yana tsirara, ƙura da hannun yara, kuma in aka bangaje shi yana aiki an gama. Na ce ba yara a gidan.

Na ji abin da na faɗa bayan ya fita.

Ba shi da shi a shago. Sai daga Kano, ranar Talata. Na maimaita masa: mai karɓar haƙora da leɓe duka. Ya ce Hajiya, ai na gane.

Talata, 29 ga Mayu, bayan la'asar

Turmi ya zo. Rami biyu, masu kyau. Duka na leɓe.

Malam Gide ya ce yaran Kano ba sa saurare. Na dube shi har ya ɗauki wayar da ba ta yi ƙara ba.

Saura kwana goma sha bakwai.

Alhamis, 31 ga Mayu

Shugaban sashe ya kira daga Zariya, yana tambayar lafiya. Na ce lafiya lau. Ya ce madalla, don kwamiti ba ya zama sau biyu. Mutane masu ladabi sun yi mini yawa a rayuwa.

Litinin, 4 ga Yuni, da azahar

Na gaskiyar ya zo. Rami ɗaya na haƙora, ɗaya na leɓe, da adaftarsa. Na ce ba zan fita shagon ba sai an gwada a gabana, a laftof ɗin Yaya, da tsofaffin faifai iri biyu. Malam Gide ya ce rashin yarda ba kyau. Na ce na sani, na zauna a kan kujerarsa.

Na leɓe ya tashi nan take. Na haƙora sai da aka daidaita shi a hankali, don in haƙori ɗaya ya lanƙwashe shi kenan. Ya yi ƙara, ya juya. Sai laftof ta fito da tambaya: ba ta gane faifan ba, ko ta goge shi? Kafin in gama karantawa yatsan Malam Gide ya kama hanyar amsa i. Ba mugunta ba ce, hannunsa ne ya saba. Na janye linzamin daga gabansa.

"A'a za a ce mata," na ce. "A kashe, a zare, a sake sokawa."

Muka yi haka. Karo na biyu ya buɗe. Hotunan bikin wasu bayin Allah ne, amarya cikin shuɗi, da ba su san yau sun tsallake rijiya ba.

Na sayi ƙaramin faifai sabo, na sa ya ɗaure mini shi cikin jan kesin. Kuskuren ranar farko ya sami aikin yi.

Laraba, 6 ga Yuni, da yamma

Ina ta gwaji a ɗaki. Kashe, soka, kunna, jira. Kashe, zare. Gwaggo ta tsaya a ƙofa tana kallo, ta ce ita dai ba ta ga dawa a turmin ba.

Hajiya ta aiko. Asabar. Ɗanta zai je awon gona a Pauwa.

Juma'a, 8 ga Yuni

Na fitar da mayafi uku, na mayar da biyu, na fitar da wani. Faifai zan je gani.

Asabar, 9 ga Yuni, bayan la'asar, a mota, hanyar Sheme

Rubutun zai karkace, hanya ce.

Mun isa ana kiran azahar, ni da Gwaggo. Hajiya ta tarbe mu a tsakar gida, ta ce, "Hajo, kin rame." Gwaggo ta ce tuwon Sheme ne bai gama wanke na wani wuri ba tukuna. Hajiya ta ce Allah ya sa ya wanke da sauri. Suka yi dariya su biyu, suka zauna a tabarma ɗaya, kowace da carbinta, kamar masu gadin iyaka.

Ɗakin ba komai. Sawun ƙafafun gado a siminti, ramukan ƙusa a saman taga. Tebur ne kawai, da akwatin a kansa, ba a ƙasa ba. An goge shi. An kwance murfin, an jera sukuru a cikin faranti, an zare wayoyin faifan biyu an bar su a kwance gefe da gefe a kan tawul. Janareta yana aiki a bayan ɗaki tun kafin mu zo, an jawo waya ta taga har da sitabilaiza.

Na ƙi yin tunani a kan wannan. Na kashe, na soka na leɓe, na kunna. Taswirori, filaye, gonakin mutane. Ba nawa. Na kashe, na zare. Na ɗauki na haƙora da hannu biyu.

Faifan ya yi shiru har na ƙirga goma sha biyar. Sai ya juya. Laftof ta yi tambayarta. Na ce a'a. Na kashe, na zare, na hura bakin, na sake sokawa a hankali, ina jin haƙoran suna shiga.

Ya buɗe. Folda mai suna AIKIN HAJO. Ba ni na sa sunan ba.

Na fara kwafa. Ta ce saura minti arba'in, ta ce saura awa uku, ta ce saura kwana ɗaya, ta dawo minti hamsin. Na zauna a kan siminti na riƙe ƙafar tebur kada wani abu ya motsa. Daga tsakar gida ina jin Gwaggo tana bayanin cewa kwamfutar ainihi tana Sheme, wannan saura ne.

Ya kusa rabi sai na ji babur, sai sallama. Gonar Pauwa ta ƙare da wuri, ko ba a fara ta ba. Ba labulen da zai tsaya bayansa, Gwaggo ta kwashe, sai ya tsaya gefen ƙofa inda ba na ganin komai sai takalmi. Takalmin ba laka.

"Malama, yana karantawa?"

"Yana karantawa."

"Kwafa kike, ko kwashewa?"

"Kwafa."

Sai ya ce masu gyara uku suka nemi ya kawo akwatin, kuma ya san da abin da suke farawa. Ya ce Yaya Lawwali mutumin kirki ne, amma da ya karɓa shagon gyara zai wuce da shi kai tsaye, don a kawo mini shi fes. Ya ce bai san yadda zai rubuta wannan a bayan takarda ba.

"Akwai guda ɗaya a ciki da ba ta aikinki ba ce," ya ce. "Ba ni da ita a wani wuri."

Na sani. Tana tsakanin ta talatin da shida da ta talatin da bakwai, ba sunan gari a jikinta. Ranar awon ciki ce a Funtuwa, bai samu zuwa ba, sai na kara rikodata a jikin na'urar ma'aikaciyar jinya don ya ji da yamma. Minti ɗaya da daƙiƙa goma sha biyu. Da sauri 'yar zuciyar take bugawa, kamar ana lugude a gida mai nisa.

Bai tafi ba. Muka jira tare, ni a ciki shi a waje, har layin kwafar ya cika. Na duba adadi: sittin da huɗu. Na buɗe ta talatin da takwas, na matsa gaba kaɗan. Iya Mairo ta yi tari ta ce toka mai laushi, wadda in ka murza ba ka jin komai a yatsa. Na rufe. Na jona jan kesin na sake zubawa a ciki, duka, ban tsame ko ɗaya ba. Ana kiran la'asar ya gama. Hajiya ta yi gyaran murya.

Na naɗe laftof, na sa jan kesin a jakar hannu. Turmin na bar shi a kan tebur, faifan a tsaye a ciki, adaftar a gefe. Gwaggo ta leƙo ta ce wannan ai namu ne, da idonta ta ga na zo da shi. Na ce na ɗakin ne. Ta dubi fuskata, ta koma tsakar gida.

A bakin ƙofa, ba tare da na juya wajensa ba, na ce laftof ɗin ofishinsa za ta karɓe shi. A kashe kafin a zare. In ta tambaya ko ta goge, a ce mata a'a.

"To, Hajo," ya ce.

Ɗaya zai je Zariya, ɗaya Sheme, ɗaya yana Ƙanƙara. Talatu kuma sai bayan sha biyar ga wata, kafin rafin ya cika.

Na durƙusa na yi wa Hajiya sallama, ta sa mini albarka mai tsawo. Ƙofar zauren gidan takan kumbura da damina, ba ta rufuwa sai an ɗan ɗaga ta. Gwaggo ta ja, ta ja, ta ƙi. Na ce ta wuce. Na sa hannu a inda fentin ya goge, na ɗaga, na jawo. Ta rufu. Direba ya riga ya ta da mota.